Manyan Injunan Ƙara Sauti Na Gida: Yadda Ya Kamata A Gwada Su

A cikin kayan sauraron kiɗa da waƙa da mutum ya ke ajiyewa a ɗakinsa, babu wanda a ke yawan gardama a kansa kamar akwatin nan mai nauyi da a ke kira amfilifaya, watau injin ƙara ƙarfin sauti. Akwai wanda kuɗinsa bai wuce na keke ba, akwai kuma wanda kuɗinsa ya isa a gina gida. Kowane kamfani yana cewa nasa ne sarki, kowane mai shago kuma yana nuna lambar wat da ke rubuce a jikin kwali kamar ita ce hujjar da ta kashe magana. To, malamai da akawuna mutane ne da suka saba bin lissafi kafin su sa hannu a takarda, saboda haka ya kamata a shimfiɗa musu wannan al'amari dalla-dalla. Abin da za mu nuna shi ne, a cikin manyan injunan nan babu wanda ya fi sauran a kowane hali. Kyan kowannensu yana ga dacewarsa da lasifikar da zai tura, da ɗakin da zai zauna, da irin wutar da zai sha.

Aikin Da Ya Ke Yi

Sautin da ke fitowa daga faifai ko kwamfuta ko wayar hannu wata 'yar wutar lantarki ce mara ƙarfi, wadda ba ta cika wuce bolt ɗaya ko biyu ba, ba ta kuwa iya motsa lasifika. Aikin injin shi ne ya ɗebo wuta mai yawa daga bango, ya siffanta ta da siffar wannan 'yar ƙarama daidai wa daida, sa'an nan ya miƙa wa lasifika. Misalinsa kamar malami ne da aka ba 'yar wasiƙa aka ce ya kwafe ta da manyan baƙaƙe a kan allo domin na bayan aji su gani. In ya ƙara harafi ko ya rage, ya ɓata aiki. Abin da inji ya jirkita shi a ke kira gurɓatar sauti, abin da ya ƙara na kansa kuma shi ne hucin nan da a ke ji in an kasa kunne kusa da lasifika alhali ba a sa kome ba. Injunan da mu ke magana a kansu wannan aiki kurum su ke yi. Zaɓen faifai da murɗa murya sama ko ƙasa aikin wani akwati ne dabam da a ke sa wa a gabansu.

Da fari kwalaben gilashi masu haske, waɗanda masu gyaran rediyo ke kira bawul, su ke wannan aiki. A watan Disamba na 1947 aka ƙago tiransista a ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka, har mutum uku da suka yi aikin, John Bardeen da Walter Brattain da William Shockley, suka sami kyautar Nobel a 1956. Tiransista ba ta da fitila a ciki, ba ta fashewa, ba ta kuwa tsufa da sauri kamar bawul. Amma sai da aka yi wajen shekara 20 kafin a sami injunan tiransista da masu kunne suka yarda da su. A 1967 Quad na Ingila ya fito da samfurin 303 mai wat 45 a kowane ɓangare, watau hagu da dama, Crown na Amurka kuma ya fito da DC300 mai wat 150. Daga nan aka shiga tsere.

Gidaje Uku

Injunan nan an kasa su aji-aji, amma kada malamai su ɗauka irin ajin makaranta ne, inda A ta fi D daraja. Haruffan suna nuna yadda tiransista ke aiki ne kurum.

A Aji A, tiransista a buɗe ta ke kullum, wuta na bi ta cikinta ko ana kiɗa ko ba a yi, kamar murhun da ba a kashe shi ko an sauke tukunya. Amfanin haka shi ne sauti yana fita sumul, ba gaɓa. Illarsa kuwa ɓarna ce, gama ko a lissafin takarda bai iya mai da fiye da rabin wutar da ya sha zuwa ga lasifika, a aikace ma bai kusa da haka ba. Sauran duk zafi ne.

A Aji B, an raba aikin tsakanin tiransista biyu, ɗaya tana turawa, ɗaya tana jawowa, kamar mata biyu masu lugude a turmi guda. In wannan taɓarya ta sauka waccan ta tashi. Wannan ya rage ɓarna ƙwarai, har lissafi ya nuna ana iya cin moriyar kashi 78 cikin 100. Amma in aka sami ɗan jinkiri wajen miƙa aiki daga wannan zuwa waccan, sai a ji kaushi a cikin sauti, musamman in an yi ƙasa da murya. Maganin da aka samo shi ne a bar kowace tiransista ta fara aiki kaɗan kafin 'yar'uwarta ta gama. Wannan shi ne Aji AB, shi ne kuwa gidan da mafi yawan manyan injuna suka fito.

Aji D hanyarsa dabam ce. Tiransista ba ta tsayawa rabi-da-rabi, sai dai ta buɗe gaba ɗaya ko ta rufe gaba ɗaya, sau dubu ɗari-ɗari a cikin daƙiƙa guda, sa'an nan a tace abin da ya fito ya koma sauti. Da ya ke ba ta daɗewa a tsakani, zafinta kaɗan ne, ana cin moriyar wajen kashi 90 cikin 100. Shekaru da yawa ana raina wannan gida, ana cewa na lasifikar mota ne da ta taron biki. Wani injiniya ɗan ƙasar Beljiyam, Bruno Putzeys, yana cikin waɗanda suka kawar da wannan raini, da tsare-tsaren da ya yi wa kamfanin Hypex, da kuma wanda a ke kira Eigentakt, na kamfanin Purifi, wanda ya fito a 2019.

Lissafin Wat

Nan ne a ke yawan ruɗin mai saye. Ƙarfin sauti da desibel a ke auna shi, kunne kuwa ba ya bin lissafin wat kai tsaye. In aka ninka wat sau biyu, daga 50 zuwa 100, desibel 3 kurum aka ƙaru, abin da kunne zai ji kamar an ɗan taɓa murɗi. Kafin mutum ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ƙara wajen desibel 10, watau wat ya ninka sau goma, daga 50 zuwa 500. A 2014 kamfanin Naim na garin Salisbury a Ingila ya fito da NAP S1 mai wat 746, watau ƙarfin doki ɗaya cif, kowane ɓangare da akwatinsa mai nauyin wajen kilo 100. Duk da haka ratar da ke tsakaninsa da inji mai wat 100 ba ta kai desibel 9 ba.

Abu na biyu, lasifika ba ɗaya ba ce. Wata in an ba ta wat ɗaya takan ba da desibel 90 ga wanda ke tsaye mita ɗaya daga gare ta, wata kuwa 84 za ta bayar. Ta farko da wat 50 za ta yi ƙarar da ta biyu ba za ta yi ba sai da wat 200. Ashe wanda ya zaɓi inji bai duba wannan lamba a takardar lasifikarsa ba, ya yi cinikin biri a sama.

Abu na uku shi ne taurin lasifika ga wuta, wanda a ke aunawa da om. Inji mai ba da wat 100 ga lasifika mai om 8 yana tura wajen bolt 28 da amfiya 3 da rabi. In lasifika ta sauka zuwa om 4, sai ta nemi amfiya 7, in ta sauka zuwa om 2 ta nemi 14. Lambar om da ke rubuce a bayan lasifika kuwa ƙiyasi ne kurum, gama takan hau ta sauka gwargwadon kauri ko sirantar sauti. Inji mai ƙashi shi ne wanda wat ɗinsa ke ninkawa, ko ya kusa, duk sa'ad da om ya ragu da rabi. A shekarun 1980 an yi wata lasifika mai suna Apogee Scintilla wadda ke sauka har om ɗaya, injuna da yawa suka kasa ta. Kamfanin Krell, wanda Dan D'Agostino ya kafa a 1980, ya yi suna ne domin injunansa suna iya ɗaukar irin wannan kaya.

To, in haka ne, mene ne amfanin wat mai yawa? Amfaninsa ajiya ce. Mai sauraro a ɗaki yawanci wat ɗaya zuwa 'yan kaɗan ya ke ci, amma bugun ganga guda yana iya neman ninki goma ko ɗari na wannan cikin ƙiftawar ido. In inji ba shi da ajiya sai ya datse kan sautin, a ji kaushi, wani lokaci ma 'yar ƙaramar lasifikar nan mai fitar da siririn sauti ta ƙone. Har wa yau a lura da irin wat ɗin da aka rubuta. Tun 1974 hukumar ciniki ta Amurka ta kafa doka cewa a riƙa faɗin ƙarfin da inji ke iya riƙewa a ɗore, domin a lokacin 'yan talla sun cika kasuwa da lambobin ƙarya.

Ga Su A Jere

Bari mu ɗauki shida daga cikin waɗanda aka sani, mu ga abin da kowanne ya zaɓa da abin da ya sadaukar.

Daga Aji A akwai Accuphase A-75, na kamfanin da aka kafa a Japan a 1972, mai mazauni a birnin Yokohama. Wat 60 ya ke bayarwa ga om 8, da 120 ga om 4, da 240 ga om 2, watau ninki cif a kowane mataki. Akwai kuma XA25 na Pass Labs, kamfanin da Nelson Pass ya kafa a Amurka a 1991, wanda aka rubuta masa wat 25 kurum, ko da ya ke masu awo sun same shi yana wuce haka nesa kafin ya datse sauti. Waɗannan biyu jikokin Mark Levinson ML-2 ne na 1977 a wajen ra'ayi, gama shi ma wat 25 gare shi alhali girmansa ya kai na akwatin tufafi. Sun dace da lasifika mai saurin amsawa da ɗaki matsakaici. Kuɗin da a ke biya bayan na saye shi ne zafi da takardar kuɗin wuta.

Daga Aji AB akwai McIntosh MC462 na 2018, wanda a ke ƙerawa a garin Binghamton na jihar New York. Wat 450 gare shi a kowane ɓangare, nauyinsa ya haura kilo 50. Dabararsa ita ce an sa masa wata irin taransifoma a bakin fita, mai mahaɗi uku na om 2 da 4 da 8, domin ya ba da ƙarfi ɗaya ko wace lasifika aka ɗaura masa. Yana kuma da mai tsaro a ciki wanda ke hana shi datse sauti. Sai Bryston 4B³ na Kanada, mai wat 300 ga om 8 da 500 ga om 4, wanda kamfaninsa ya yi suna da ba da lamunin gyara na shekara 20. Waɗannan biyu na babban zaure ne da lasifika mai taurin kai.

Benchmark AHB2 na 2014 ya bi wata hanya. Wat 100 ne ga om 8 da 190 ga om 4, nauyinsa bai kai kilo 6 ba, kuɗinsa kuwa sa'ad da ya fito wajen dala 3,000 ne. Yana aiki da wata dabara ta kamfanin THX, inda wani ƙaramin sashe ke lura da kuskuren babban sashe yana share shi nan take. A wajen awon huci da gurɓata ya shiga gaban injuna masu ninkin kuɗinsa sau da yawa. Na shida shi ne NAD M23 na 2022, ɗan Aji D mai tsarin Eigentakt, wat 200 ga om 8 da 380 ga om 4. Mutum ɗaya yana ɗaukarsa ba wahala, ba ya kuwa zafi kamar na Aji A.

Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga tsada da nauyi da tsabtar awo ba tare su ke tafiya ba. Wani kaso na kuɗin manyan injuna yana tafiya ne ga kaurin alminiyon, da kyan fuska, da aikin hannu, da suna. Ba laifi ba ne mutum ya biya domin waɗannan, muddin ya san abin da ya ke saye.

Kunne Da Ma'auni

Shin ana jin bambanci tsakaninsu? An daɗe ana wannan gardama. A watan Janairu na 1987 mujallar Stereo Review ta Amurka ta buga sakamakon wani gwaji da David Clark ya shirya, inda aka daidaita ƙarar injuna, aka ɓoye wa masu sauraro wanda ke aiki. A cikinsu akwai Pioneer na wajen dala 220, akwai kuma wani na bawul na dala 12,000. Da aka tattara amsoshi, ba su fi na mai cinta da ka ba. Kafin wannan, a 1985, injiniya Bob Carver ya yi wa editocin mujallar Stereophile alkawarin zai gyara injinsa mai araha ya yi sauti irin na kowane mai tsada da suka zaɓa. Ya yi ta auna bambancin da ke tsakanin fitar injunan biyu yana rage shi, har editocin suka amsa cewa sun kasa rarrabe su.

Masu suka sun ce irin wannan gwaji gajere ne, yana kuma sa mai sauraro cikin ɗar-ɗar kamar ɗalibi a ɗakin jarrabawa, halin inji kuwa sai an zauna da shi kwana da kwanaki ya ke bayyana. Maganarsu abin dubawa ce. Amma darasin da ya tabbata shi ne, in injuna biyu masu kyau suna aiki cikin iyakar ƙarfinsu, bambancinsu ƙanƙane ne ƙwarai in an gwada da bambancin lasifika da lasifika, ko ɗaki da ɗaki. Inda bambanci ya fito fili kuwa, yawanci akwai dalilin da ma'auni zai nuna: ko ɗaya ya gaji ya fara datsewa, ko lasifikar ta fi ƙarfinsa, ko an gina shi da gangan ya ɗan yi wa sauti ado.

Zafi Da Wuta A Ƙasarmu

Yawancin waɗannan injuna an tsara su ne a ƙasashe masu sanyi da tsayayyar wuta, saboda haka mai saye a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yana da ƙarin abin lura. Na farko, wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Injin da aka yi domin kasuwar Amurka, musamman na hannu da a ke shigowa da shi, in aka soka shi a bango ba a duba rubutun bayansa ba, yana iya ƙonewa nan take. Na biyu, da bazara zafi yakan kai digiri 40 a waɗannan garuruwa. Injin Aji A mai shan wat 400 daidai ya ke da a kunna ɗan murhun lantarki a ɗaki. Masana suna da ƙa'idar cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwanakin kafasita, watau gwangwanayen nan masu ajiye wuta a cikin inji. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fikafikan da ke fitar da zafi, sai an riƙa share su.

Na uku shi ne kuɗin wuta. In irin wannan inji ya yi awa 5 kullum, ya sha yunit 60 a wata. A farashin naira 225 kowane yunit, wanda aka yanka wa 'yan rukunin Band A a watan Afrilu na 2024, naira 13,500 ke nan, ban da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki da za a ƙara domin korar zafinsa. Ga mai dogara da hasken rana da batir, Aji D ya fi sauƙi nesa. Amma shi ma yana da nasa: in ya lalace, galibi allon cikinsa gaba ɗaya a ke canjawa, sai an yi odarsa daga waje, alhali ƙwararren mai gyara yana iya bin injin Aji AB na gargajiya ɗaya bayan ɗaya ya canja abin da ya mutu. Lamunin shekara 20 ma sai a tambaya tukuna ina za a kai injin, wa zai biya kuɗin jirgi. Kowanne aka zaɓa, a sa masa sitabilaiza mai isasshen ƙarfi, a kuma kashe shi kafin a juya layi zuwa janareta.

Yadda Za A Yi Gwajin

Mai niyyar saye ya fara da lasifikarsa: desibel nawa ta ke bayarwa da wat ɗaya, om nawa ne mafi ƙanƙanta da ta ke sauka. Sa'an nan ya dubi girman ɗakinsa da irin ƙarar da ya saba ji. Daga nan ne zai san ko wat 50 ya ishe shi ko sai 300. In ya sami injuna biyu da suka cika wannan sharaɗi, ya nemi a gwada masa su da lasifika ɗaya, da faifan da ya sani sarai. A sa sauti guda mai tsayawa, a auna bolt a bakin lasifika da mita, a daidaita su sosai, gama in ɗaya ya ɗara ɗaya ƙara ko da kaɗan ne, kunne zai ce shi ya fi daɗi. Sa'an nan ya juya baya, wani ya riƙa canja masa ba tare da ya faɗa ba, ya rubuta amsarsa sau goma ko fiye.

In ya rarrabe su a kai a kai, to, ya sayi wanda ransa ya fi so, kuɗinsa bai tafi banza ba. In kuwa ya kasa, ya ɗauki wanda ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin zafi da sauƙin gyara, ragowar kuɗin ya zuba su ga lasifika, da labule mai kauri, da darduma, domin a nan ne kunne zai fi jin ribar kowace naira. Sai an gwada akan san na ƙwarai.